BABI NA HUƊU: FIYANO A GURBIN KAYAN KIƊAN GARGAJIYA NA GIRKAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar Girka da yankunan da kowane ɗayansu ya fi tashe. A wannan babi kuwa za a dubi abin da ya sami waɗannan kayan kiɗa tun daga lokacin da na'urar kiɗa mai aiki da lantarki ta shiga tsakaninsu, wato na'urar nan mai madannai farare da baƙaƙe wadda Hausawa suke kira fiyano, su kuma Girkawa suke ce mata armoniyo. Babban laifin da masu kishin gargajiya suke ɗora wa fiyano shi ne ƙarya, wai yana fitar da amon buzuki ko na kilarino alhali babu tsirkiya babu busa a wurin. Wannan nazari ya yarda an yi hasara. Sai dai yana ganin yawancin sukar da ake yi ta zama an bar jaki ana dukan taiki, domin ɓarnar da hannun dama na mai fiyano yake yi wajen kwaikwayon amo ba ta kai wadda hannunsa na hagu yake yi ba, inda na'ura ta karɓe aikin makaɗan da ke zaune a baya.

4.1 Yadda Fiyano Ya Shiga Kiɗan Girkawa

Sha'awar samun abin kiɗa mai madannai wanda zai iya furta muryoyin waƙoƙin Girkawa ta daɗe. A shekarar 1924 an ƙera wa Konstantinos Psachos, wani malamin waƙoƙin cocin Bizantiya, wata babbar na'ura mai madannai mai aiki da iska a ƙasar Jamus. Wata Ba'amurkiya mai suna Eva Palmer-Sikelianos ce ta biya kuɗin aikin, aka kuma kira na'urar Panarmoniyo. An yi mata madannai fiye da na fiyanon Turawa domin ta riƙa samun muryoyin da ke faɗawa a tsakanin farin madanni da baƙi. Na'urar ba ta yaɗu ba, amma dai ta nuna cewa tun wancan lokaci masanan Girka sun san inda gizo yake saƙa.

Fiyanon lantarki ya fara samun gindin zama ne a shekarun 1960, a cikin waƙoƙin birni da ake kira layika, waɗanda ma'aikata da talakawan Atina suke saurare. Na'urar da aka fi amfani da ita a lokacin ita ce Farfisa, ƙirar Italiya, kuma sunan da aka fi dangantawa da shigo da ita shi ne Vasilis Vasiliadis. Abin lura a nan shi ne, Farfisa ba ta yi da'awar zama wani abu daban ba. Amonta siriri ne mai kaifi, kowa ya ji ya san na lantarki ne, kuma da shi ɗin ake yin taksimi, wato kiɗan share fage wanda makaɗi yake ƙirƙira nan take kafin waƙa ta kankama.

Kwaikwayo ya zo ne daga baya. A 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI, wanda ya ba na'urori damar yin magana da juna, a shekarar ce kuma Yamaha ya fito da DX7. A 1988 Korg ya fito da M1, wanda a cikinsa aka adana guntayen amon kayan kiɗa na gaskiya da aka ɗauka a ɗakin naɗar sauti. Daga nan sai aka sami irin fiyanon da yake raka kansa da kansa, wato wanda idan mai kiɗa ya danna madannai biyu ko uku da hannun hagu, sai ganga da jita da sauran kayan rakiya su taso gaba ɗaya a kan kari guda. Wannan nau'i shi ne ya mamaye bukukuwan aure da gidajen rawa na Girka daga shekarun 1990.

Da farko masu ƙera waɗannan na'urori ba su yi lissafi da Girkawa ba. Jerin amo 128 da aka tsayar a 1991 a ƙarƙashin sunan General MIDI ya ware gurbi 8 kacal ga kayan kiɗan al'ummu, a ciki akwai sita da shanayi na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba ta Afirka, amma babu buzuki, babu lira. Makaɗan Girka sai suka riƙa lalube, su ɗauki amon da ya fi kusa su gyaggyara shi. Irin wannan lalube ne masu ɗakunan kiɗa na Kano suka yi a kan fiyanon Yamaha a shekarun 1990, lokacin da suke neman abin da zai yi kama da kalangu ko algaita a waƙoƙin finafinai. Daga baya kamfanonin sun farga da kasuwar gabashin Bahar Rum, suka fito da na'urori na musamman dominta, kamar jerin PSR-A na Yamaha da wasu daga cikin jerin Pa na Korg, masu ɗauke da amon buzuki da ud da ƙanun da kuma karin raye-rayen yankin. Su ma makaɗan sun koyi ɗaukar amon kayan kiɗansu da kansu suna zubawa a cikin na'ura, suna kuma sayar wa juna.

4.2 Hujjar Asali

Hujja ta farko da ake kawowa a kan fiyano ita ce baƙo ne, ba shi da asali a ƙasar. Wannan hujja ba ta da ƙarfi idan aka waiwayi tarihin kayan kiɗan da ake son a kare. Kilarino, wanda a yau ake ɗauka shi ne muryar ƙauyukan Ifirus da tsakiyar Girka, abin busa ne na Turawan Yamma. A ƙarni na 19 ya shiga ƙasar, ya kuma ture zurna a wurare da yawa, ita kuwa zurna 'yar'uwar algaita ce ta fuskar ƙira da ƙara. Buzuki ma bai sami karɓuwa cikin sauƙi ba. Lokacin da Markos Vamvakaris ya fara naɗar faya-fayai da shi a farkon shekarun 1930, masu faɗa-a-ji suna kallonsa a matsayin abin kiɗan fursunoni da mashaya na tashar jiragen ruwa ta Firiyas, kuma gwamnatin Metaxas da ta hau a 1936 ta sa wa irin waɗannan waƙoƙi takunkumi. Daɗin daɗawa, tashen buzuki ne ya dusashe salon Simirna, wanda 'yan gudun hijirar 1922 da musayar jama'a ta 1923 suka zo da shi daga Turkiyya, salon da ake yi da gogen Turawa da santuri da ud. A shekarun 1950 kuma Manolis Chiotis ya yaɗa buzuki mai tagwayen tsirkiya 4 a maimakon 3, ya ɗaure su irin ɗaurin jita, ya kuma haɗa shi da lasifika, aka yi ta zarginsa da ɓata gado. Waƙoƙin rebetiko da aka tsana jiya su ne hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017.

Ke nan idan baƙunta ce laifi, to kilarino da buzuki su ne za su fara gurfana. Ma'aunin da ya dace shi ne a duba abin da kowane baƙo ya iya yi da kiɗan da ya tarar, da kuma abin da ya tilasta wa kiɗan ya bari.

4.3 Kwaikwayon Amo

4.3.1 Santuri da Buzuki

Inda fiyano ya fi cin nasara shi ne wajen kayan kiɗan da muryoyinsu suke a tsaye. Santuri allo ne mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Da zarar sanda ta sauka, amo ya fita ke nan, sai dai ya yi ta raguwa har ya mutu, makaɗi ba shi da sauran iko a kansa. Haka madannin fiyano yake aiki, saboda haka amon santuri da aka ɗauka da kyau yana iya ruɗar mai saurare, musamman idan akwai sauran kayan kiɗa a tare da shi.

Buzuki ya fi wannan wuya kaɗan. Wuyansa yana da ƙarafa da aka gitta aka kafe, kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai take da ta madannan fiyano, don haka ta fuskar murya babu saɓani. Matsalar tana wajen kaɗawa. Mai buzuki yana tsawaita murya ne ta hanyar karkaɗa hannu da sauri, abin kaɗawa yana sauka yana tashi a kan tagwayen tsirkiya, kuma amon sauka daban yake da na tashi. Yana iya fara karkaɗawar a hankali ya ƙara mata wuta, ko ya sassauta ta a ƙarshen jimla. A tsofaffin na'urori guntun amo ɗaya ne ake maimaitawa, sai ya fito kamar ƙarar keken ɗinki. Idan kuma karkaɗawar ce aka ɗauka ɗungurungum, to saurinta ya riga ya kafu, har ma idan aka ɗaga guntun zuwa murya ta sama sai saurin ya ƙaru ba da nufin makaɗi ba. Sababbin na'urori sun rage wannan aibi ta hanyar adana guntaye da dama ga kowace murya suna sassauya su. A wajen biki, inda lasifika take ƙure ƙara, mutane ƙalilan ne za su tsaya tantancewa.

4.3.2 Tazarar Muryoyi

Kafin a zo kan kilarino da lira, wajibi ne a fayyace wani abu game da tazara. Tsakanin kowace murya da takwararta ta sama akwai nisan da za a kira zango a wannan nazari. Fiyano ya raba zango zuwa taki 12 masu faɗi ɗaya. Masanan waƙoƙin cocin Bizantiya kuwa, bisa tsarin da ya samo tushe daga kwamitin da aka kafa a Istanbul a 1881, suna raba zangon zuwa kaso 72. Ke nan kowane taki na fiyano kaso 6 ne. A tsanin muryoyinsu na yau da kullum, hawa uku na farko su ne kaso 12 da 10 da 8, a inda fiyano yake da 12 da 12 da 6. Wato murya ta uku tana ƙasa da ta fiyano da kaso 2, sulusin taki ke nan. Simon Karas, wanda ya shafe rayuwarsa yana tattara waƙoƙin ƙauyuka, ya tafi a kan cewa waƙoƙin gargajiya da na coci tushensu ɗaya ne ta wannan fuska, shi ya sa ya ƙi jinin a raka su da kayan kiɗan da aka ɗaure a kan taki 12.

Fiyanon da aka ƙera domin kasuwar gabas ya zo da maganin wannan, amma rabin magani. An jera masa wasu ƙananan maɓallai 12 a sama, idan aka danna ɗaya sai muryar da yake wakilta ta sauka. Saukar da aka saba saitawa daga kamfani rabin taki ce, wato kaso 3, domin lissafin kiɗan Larabawa aka bi. Makaɗin Girka da ya san abin da yake yi dole ya shiga cikin na'ura ya rage saukar da kansa, wanda bai sani ba kuwa sai ya riƙa rera waƙar Girka da tazarar Alƙahira. Ko an saita daidai ma akwai sauran aiki, domin a bakin mawaƙi waɗannan muryoyi ba a kafe suke ba. Idan waƙa tana hawa sai muryar ta ɗan jawu sama, idan tana sauka sai ta jawu ƙasa, mawaƙan coci suna da suna na musamman ga wannan jawuwa. Maɓalli kuwa wuri ɗaya ya sani.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba fiyano ne ya fara danne waɗannan muryoyi ba. Hanyoyin kiɗa da masu buzuki suke kira dromi, irin su Hijaz da Rast da Ussak, sunayen maƙamai ne na Turkawa da Larabawa, amma tun shekarun 1930 ƙarafan buzuki suka daidaita su da taki 12. Murya ta biyu ta Ussak, alal misali, tana faɗawa ne a tsakanin ƙarfe biyu, sai mai buzuki ya zaɓi ɗaya daga ciki. Abin ban sha'awa shi ne, fiyano mai maɓallan nan ya fi buzuki iya kusantar Ussak ta asali. Masu sukar fiyano ba su cika ambaton wannan ba.

4.3.3 Kilarino da Lira

A nan ne karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane ta tabbata. Wanda ya saurari faya-fayan Kitsos Harisiadis na wajen 1930, ko na Petroloukas Chalkias na bayan haka, zai ji cewa gwanintar mai kilarino na Ifirus tana cikin tafiyar da yake yi daga wata murya zuwa wata. Yana zame yatsa daga kan rami a hankali, yana sassauta leɓe, sai muryar ta gangaro kamar kukan mai makoki, ba a jin inda ta bar wannan ta kama waccan. Irin kilarinon da suka fi so, ƙirar Albert, yana da ramukan da yatsa yake rufewa kai tsaye, abin da ke sauƙaƙa wannan zamiya. A cikin murya guda kuma numfashi yana ƙaruwa yana raguwa, kuma duk lokacin da ya sauya, launin amon ma yana sauyawa, ya yi kauri ko ya dushe. Kiɗan makoki da ake kira miroloyi, wanda da shi ake buɗe taro a Ifirus, kusan gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi.

Mai fiyano yana da 'yar sanda ko ɗan gare a gefen hagu wanda yake lanƙwasa murya sama ko ƙasa, galibi iyakar taki 2, yana kuma da saitin da ke sa murya ta zame zuwa ta gaba. Akwai gwanayen da suka ƙware a kan waɗannan har su ba mutum mamaki, kuma ba daidai ba ne a ce aikinsu ba fasaha ba ne. Sai dai abin da sandar take yi shi ne ta ja guntun amon da aka riga aka ɗauka, ta ɗaga shi ko ta sauke shi yadda yake, launinsa bai sauya ba. Ƙarfin amo kuma ana yanke shi ne a daidai lokacin da yatsa ya bugi madanni. Tun zamanin DX7 akwai wani abin busawa da ake haɗawa da fiyano domin numfashi ya riƙa sarrafa ƙarfin amo, amma bai zama ruwan dare a wajen masu kiɗan biki ba. Bahaushen da ya san yadda mai kalangu yake matse tsirkiya a hammata har ganga ta kira sunan mutum, ya kuma ji kalangun fiyano, ya riga ya san irin bambancin da ake nufi.

Lira ta tsibirin Kirit ma haka take. Tsirkiya 3 gare ta, ana goga ta da izga, kuma makaɗi ba ya danne tsirkiyar, da farce yake taɓa ta daga gefe, don haka babu abin da ya kafe masa murya. Nauyin izga da saurinta da inda ta juya duk ana jin su. Lirar mutanen Fontos, waɗanda kakanninsu suka taso daga gaɓar Baƙin Teku, tana ƙara wata wahalar, domin tsirkiya biyu ake gogawa a lokaci guda. Wannan ne ya sa har yau a yawancin bukukuwa ba a yarda fiyano ya maye gurbin mai lira ko mai kilarino ba. Ana ɗauko su su tsaya a gaba. Waɗanda ake sallama su ne na baya.

4.4 Hannun Hagu da Makaɗan Baya

Ƙungiyar makaɗan Ifirus, wadda suke kira kompaniya, bisa al'ada mutum 4 ce: mai kilarino, da mai gogen Turawa, da mai lawuto, wato wani abin kiɗa mai dogon wuya da babban ciki, sai mai defi, wani ɗan tambari mai kacau-kacau. A tsibirai goge ne da lawuto, a Kirit lira ce da lawuto. A yau abin da aka fi gani a bukukuwa da yawa shi ne mai kilarino da mawaƙi da mai fiyano, wani lokaci da mai gangunan zamani. Dalilin a fili yake. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya suna yin aikin mutum biyu ko uku, kuɗin sallama ya ragu, mota ɗaya ta isa. Matsin tattalin arzikin da ya kai Girka ga karɓar bashin ceto a 2010 bai bar masu shirya biki da zaɓi mai yawa ba. Ga Girkawan da ke zaune a Melbon ko Astoriya ta Niyok ko biranen Jamus kuwa, inda samun cikakkiyar ƙungiya yake da wuya, fiyano ne ya sa ake iya taka rawar gida a ranar aure. Wannan alheri ne da ba za a ƙwace masa ba.

Abin da aka biya a madadin wannan sauƙi yana bayyana ne a filin rawa. A bikin waliyyin ƙauye da ake kira fanigiri, wanda mafi girmansa yake faɗowa ranar 15 ga Agusta, ana rawa ne a jere, hannu riƙe da hannu, kuma wanda yake kan gaba shi ne mai waƙar. Shi ya nemi a yi masa ita, shi ko danginsa suke yi wa makaɗa liƙi, har a manna takardar kuɗi a goshin mai busa. A rawar camiko, mutumin gaba yana riƙe da bakin hankici, na biyu yana riƙe da ɗaya bakin yana tallafe shi, shi kuma yana tsalle, yana durƙusawa, yana tsayawa cak da ƙafa ɗaya a sama gwargwadon ƙarfinsa da shekarunsa. Mai kilarino yakan matso kusa da shi yana kallon ƙafarsa. Idan dattijo ne ya jinkirta sauke ƙafa, sai busa ta jira shi, mai lawuto da mai defi su ma su jira, domin idonsu yana kan mai busa. Hausawa suna cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A fanigiri sau da yawa rawar ce take sauya kiɗan.

Rakiyar fiyano ba ta san wannan jira ba. Saurinta lamba ce da aka rubuta a fuskar na'ura, bugu kaza a minti ɗaya, kuma haka za ta tafi har a kashe ta. Gaskiya ne mai fiyano yana iya murɗa saurin ko ya buga shi da yatsa, amma wannan yana sauya tafiyar waƙar ne gaba ɗaya, ba ya iya tsawaita bugu guda domin ƙafar mutum guda sannan ya koma. Sakamakon haka shi ne mai busa ya daina kallon mai rawa ya koma sauraren na'ura, mai rawa kuma ya koma bin kari kamar kowa. Mutumin da ya biya kuɗi domin a yi masa kiɗa sai ya zama ana yin kiɗa ne kawai yana wurin. Hatta a raye-rayen da karinsu yake a daidaice akwai abin da ke salwanta. Kalamatiyano tana da bugu 7 da aka kasa 3 da 2 da 2, zebekiko tana da 9. Na'ura tana raba waɗannan da ma'auni ɗaya a kowane zagaye, alhali hannun mai lawuto yana ɗan nauyaya wani bugu ya sassauta wani, kuma yadda ake yin haka a wannan kwari ya bambanta da na kwarin da ke gaba. Tun da yake masu fiyano suna sayen karin da aka riga aka shirya daga hannun mutane ƙalilan, sai ga shi ana jin rakiya iri ɗaya daga arewacin ƙasar har tsibirai.

Abu na biyu da hannun hagu yake kawowa shi ne cika wurin da aka bari da gangan. Yawancin waƙoƙin Ifirus a kan muryoyi 5 aka gina su, kuma mai lawuto yakan daɗe a kan murya ɗaya ta tushe da abokiyarta, yana ba mai busa fili. Na'urar rakiya kuwa an gina ta ne a kan haɗin muryoyi uku-uku irin na kiɗan Turawan Yamma, wanda kunnensu ya kasa gida biyu, mai fara'a da mai baƙin ciki. Duk lokacin da mai fiyano ya danna irin wannan haɗi, ya yanke wa waƙar hukuncin da ita ba ta yanke wa kanta ba, kuma muryar tsakiya ta haɗin takan yi karo da muryar da mai busa yake zamewa a kanta. Na'urorin suna karɓar haɗin muryoyi biyu kacal idan an ba su, masu kunne a cikin makaɗa suna yin haka, amma karin da aka sayo da jita da sauran tarkace a cikinsa yakan rinjayi mai shi. Jita ta riga fiyano fara wannan cikawa a ƙarni na 20, sai dai mai jita mutum ne da mai busa zai iya harara ya yi shiru.

Abu na uku ya shafi gado, kuma a ganin wannan nazari shi ne mafi nauyi. Kiɗa a Ifirus sana'ar gida ce, iyalai ne suke riƙe da ita, da yawansu Romawa ne, wato al'ummar nan da ake kira Jifsi, kuma gidan Chalkias misali ne sananne. Yaro ba ya fara da kilarino. Sau da yawa defi ake fara miƙa masa, ya zauna a baya dare bayan dare yana jin waƙoƙi, yana ganin wace waƙa ce ta wane gida, yana koyon karanta ƙafar mai rawa, kafin ya kai ga tsirkiya ko busa. Wannan bai bambanta da yadda ɗan makaɗi a ƙasar Hausa yake fara da amshi ko ɗaukar kaya ba. Kujerun baya su ne makarantar, kuma su ne fiyano ya ɗauke. Mai kilarinon da ake ji da shi a yau ya koyi sana'arsa a waɗannan kujeru, wanda zai gaje shi kuwa zai tarar babu su a yawancin bukukuwa.

Gwamnatin Girka ta buɗe makarantun sakandare na kiɗa tun daga 1988, ta farko a Fallini kusa da Atina, inda ake koyar da kayan kiɗan gargajiya tare da na Turawa. Haka kuma akwai cibiyoyi irin ta Ross Daly a ƙauyen Hudetsi na Kirit. Waɗannan sun fitar da matasa masu hannu a kan lawuto da santuri da ƙanun, har kayan kiɗan da suka kusa ɓacewa suka dawo. Amma ɗalibin makaranta ya fi sabawa da dandamali da masu saurare a zaune, kuma sanin wace waƙa za a yi wa wane tsoho, da yadda za a jira shi, ba ya cikin manhaja.

Ya kamata a ware wani rukuni daga duk wannan suka. A 1979 Vangelis da Irene Papas sun fitar da faifan Odes, wanda yawancinsa waƙoƙin gargajiya ne da aka raka da na'urorin lantarki. Vangelis bai nemi na'urarsa ta zama kilarino ba, amonta na kanta ya yi amfani da shi, kamar yadda masu Farfisa suka yi a gabaninsa, kuma da hannu yake bin muryar mawaƙiyar duk inda ta tsaya. Ana ganin irin wannan a fanigiri ma, a lokacin da mai busa ya shiga miroloyi ko skaros, kiɗan makiyaya wanda ba shi da bugu. A nan dole mai fiyano ya kashe rakiyar, ya ɗora yatsa a kan murya ɗaya ta tushe ya riƙe ta, ya sauya ta kawai idan mai busa ya koma wani tushen. Aikin da masu riƙe murya suke yi ke nan a bayan mai rera waƙa a cocin Bizantiya, inda ake kiran wannan murya ison, kuma a wasu coci-cocin da ba su da isassun mawaƙa wata ƙaramar na'urar lantarki ce take riƙe ta a yau.